Lambar da Mai Fitila Ya Karanta a Karkace

Ƙwan fitila guda ɗaya ne ya jawo masa sunan. Tun yana saurayi ya ɗaura wa ƙwan wayoyi biyu, ya riƙa kafa ɗaya a jikin ƙarfen mota yana bin wayoyinta da ɗayar. In ƙwan ya kama, akwai wuta. In bai kama ba, to nan cutar take. Shekara talatin ya yi yana wayarin mota da wannan ƙwan a aljihun gaba, har 'ya'yansa mata uku suka tashi suka daɗe ba su san yana da wani suna ban da Mai Fitila ba.

Da motoci suka fara zuwa da ƙwaƙwalwa, abokan sana'arsa da yawa suka watse, wasu suka koma sayar da batir. Shi ya ƙi. Yana da shekara hamsin da biyu ya sayi kwamfutar gwajin mota, mai faɗin littafi, wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi abin da ke damun mota. Sai dai da lamba take magana, ta biyo da layin Turanci, shi kuwa Turancinsa bai wuce na aji huɗu ba. Ya ɓullo da dabara. Duk lambar da ya gani karon farko sai ya rubuta ta da alli a bangon gareji, ya kwafi Turancin harafi-harafi, a gefe ya sa fassararsa. A hankali bangon ya cika tun daga tsayin gwiwa har inda hannu ke kaiwa. Matarsa ta taɓa kawo masa tabarau da ya manta a gida, ta ƙare wa bangon kallo, ta ce, "Shekara nawa ban ga wasiƙarka ko guda ba, ashe bango kake rubuta wa."

Garejin rumfar kwano ce mai bango uku a bayan shagon tayoyi, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da tsohuwar kujerar bas don masu jira. Bango ɗaya ya raba shi da mai walda, wani gajeren mutum mai surutu da ake kira Tartsatsi. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, Tartsatsi bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Farfesa.

Wata Talata da hantsi wata doguwar mota toka-toka ta shigo, tsohuwar yayi, irin masu nauyin nan da ake kawowa daga ƙasashen sanyi. Kafin Mai Fitila ya ɗaga kai ya gane ta, saboda salansarta na da wani amo kamar ana hura iska a bakin kwalba.

Shekara guda da 'yan watanni baya, wani dogon dattijo mai gyaran agogo ya kawo masa motar nan, 'yar fitilar rawaya ta dashbod, wadda ake kira cek, tana kunne. Kwamfuta ta ba da lamba, P0423, lambar da bai taɓa gani ba. Kalma ta farko a layin Turancin ya san daga "zafi" ta fito. Ta biyu kuwa katalis ce, wadda a garejin suke ce wa tukunya: wani ƙullutu a jikin salansa, cikinsa kamar saƙar zuma, inda hayaƙin inji ke bi gubarsa ta ƙone kafin ya fita. Ya haɗa biyun, ya rubuta a bango: tukunya ta yi zafi. Tukunyar da ta yi zafi toshewa ta yi, maganin toshewa kuwa a layin makanikan nan ɗaya ne. A yanke ta, a fasa cikin a zubar, a mayar da ƙoƙon a yi walda.

Mai agogo ya sunkuyo a kansa ya ce, "Mai Fitila, ka tabbata? Ni a aikina ba na cire abin da ban san amfaninsa ba."

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Alhaji," in ji shi.

Tartsatsi na cikin rami ya ɗago murya. "Farfesa, ga wata jijiya mai kaurin yatsa ta shiga tukunyar. Ita fa?"

"Yanke ta ka zare."

Aka yanke, aka zare, ya goge lambar, dattijon ya tafi.

Bayan wata biyar wata malamar makaranta na zaune a kujerar bas tana jiran motarta, ta rasa abin yi ta kama karatun bango. Ta ce, "Baba, nan an yi kuskure. Ba cewa aka yi ta yi zafi ba. Cewa aka yi mai hita ce." Ya tsaya da sifana a hannu. Ashe tukunya ba ta aiki sai ta ɗauki zafi, shi ya sa wasu motocin ake sa mata hita ta ɗumama ta da zarar an tada inji. Lambar cewa take tukunyar mai hita ba ta aikinta sosai. Wataƙila fiyus ne kawai ya ƙone. Ya lashi babban yatsa ya goge layin, ya gyara. Kwana biyu mai agogo na ransa. Ba shi da lambar wayarsa, bai san gidansa ba, daga baya ya ce wa kansa tunda bai dawo ba, lafiya ke nan.

Yau ga motar ta dawo, amma ba shi ke tuƙi ba. Wata matashiya ce ta fito daga mazaunin direba, mai kamar shekara talatin. Daga ɗaya gefen wata dattijuwa ta fito a hankali tana dafa ƙofa. Ba ta dubi kowa ba, ta wuce kujerar bas ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

Matashiyar ta gaishe shi ta rage murya. "Baba, fitilar nan ta cek nake so a kashe. Sau uku ana goge ta, sau uku tana dawowa. In ba za ta gogu ba, ƙwan ma ka cire min shi gaba ɗaya."

"'Yata, ina mai motar?"

"Ka san shi? Babana ne. Wata takwas ke nan da rasuwarsa."

Ya yi mata ta'aziyya. Ya tambayi ko jinya ya yi.

"Ko ciwon kai. Ya kai Umma wurin likitan haƙori, ya ce zai jira ta a mota, a ƙarƙashin benen nan inda ake ajiye motoci. Ya rufe gilashi ya kunna esi. Ta fito ta same shi ya jingina kai kamar mai barci, inji na tafiya. Likita ya ce zuciya ce." Ta waiga ta dubi uwar. "Tun daga lokacin, kullum da safe sai ta shiga garejin gida, ta tada motar, ta zagaya ta zauna a gefen fasinja. Ba inda take zuwa. Tana zaune fitilar za ta kama, sai ta ce Baba ya shigo. Ta fito kai na sara mata, ta yini a kwance, abinci sai an yi faɗa. Makon jiya sai da na jijjiga ta kafin ta gane ni. Kawunnaina sun ce janta yake yi. Ni dai na ce in babu fitilar, ƙila ta haƙura."

"Ni ban ce a kashe ba," in ji dattijuwar daga inda take. Muryarta ba ƙarfi, amma ta isa. "Na ce dai a kawo ta nan."

"Gaskiya ne," in ji 'yar. "Gareji huɗu muka wuce. Ta ce nan ko babu."

"Hajiya, kin taɓa zuwa nan ne?"

"Ban taɓa ba. Shi ya ce in kawo maka."

Bai tambaye ta yaushe ya faɗa ba. Ya ce musu motar sai ta huce sarai kafin ya gwada, su je su dawo da la'asar. Uwar ta daɗe tana kallon mabuɗin a hannunsa kafin ta bi 'yarta.

Ya bar bonet a buɗe har bayan azahar. Da ya taɓa inji ya ji shi sanyi, sai ya jona kwamfuta. Lambar nan ce dai, ta kawo ƙanwarta, wadda ke cewa hitar ba ta amsawa. Wannan bai ba shi mamaki ba, shi ya sa aka yanke wayarta. Abin da ya tsaya masa shi ne matar da ke fitowa da ciwon kai. Yana da wata ɗabi'a da Tartsatsi ke yi wa dariya: in mai mota ya ce ga abin da yake yi cutar ta tashi, to sai ya yi daidai yadda mutumin ke yi, ko da jingina gwiwa ne a jikin ƙofa. Ya goge lambobin, ya tada inji, ya zagaya ya zauna a gefen fasinja da kwamfuta a cinya, ya ja ƙofa.

Motar tana da shiru irin na manyan motoci. Gudumar Tartsatsi ta koma kamar daga wata unguwa. Kujerar direba a ture take can baya, ba a matsa da ita ba tun zamanin mai dogayen ƙafafu, sai matashi biyu da 'yar ta jera don ta kai ga birki. A aljihun ƙofa akwai ƙaramin tabarau mai ido ɗaya, irin wanda masu agogo ke maƙalawa. Ba warin komai, sai ɗan ƙanshin tsohuwar fata.

Ya zuba wa lambobin kwamfuta ido. Sensa biyu ne ke lura da tukunya, ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta. A lafiyayyar mota ta gaba ce ke tsalle, ta baya ta kwanta. A nan su biyun tare suke hawa suna sauka, domin ba komai tsakaninsu sai ƙoƙo. Yana kallo, ƙarfen ƙarƙashin ƙafarsa ya fara ƙara yayin da yake ɗaukar zafi. Tik. Tik. Tik. Daidai-wa-daida, ba gaggawa.

Fitilar ta kama.

Ya so ya rubuta minti nawa ta ɗauka, sai ya ga biron ya yi masa nauyi. Wani daɗi ya sauko masa daga ƙeya zuwa kafaɗu, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Lambobin suka riƙa rabuwa biyu suna haɗewa. Bai juya ba, amma ya san kujerar direba ba fanko take ba. Ya ji matasan nan sun lotsa. Ya ji numfashi a hankali, ta hanci, irin na mutumin da ya saba riƙe iska don kada ya hure ƙananan kusoshi. Gefen idonsa ya nuna masa gwiwa doguwa, kusa da sitiyari.

"Mai Fitila, ka tabbata?"

Ba faɗa a muryar. Ya ji yana son ya amsa, ya yi bayani dalla-dalla, akwai lokaci, ba inda za su. Ya jingina kai don ya tattaro maganar.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, aka fizgo shi ta wuyan riga, ya faɗo ƙasa a kan gwiwa. Tartsatsi ne tsaye a kansa, tabaran walda a goshi.

"Kai Farfesa! Sau nawa zan buga maka gilashi? Aron fulaya na zo, na tarar kana murmushi kai kaɗai kamar ango. Da wa kake hira?"

Ya rarrafa ya fita daga rumfar, ya yi amai a gindin tayoyi. Kansa kamar ana tsaga shi da gatari. Da ƙyar ya ce, "Kashe injin. Kar ka zauna ciki, miƙa hannu kawai."

Sai da ya sha iska kusan rabin awa kafin ƙafafunsa suka ɗauke shi. Suka tura motar kan rami, suka sauka tare. Waldar tukunyar ta tsage ta sama, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi, tsaga mai tsawon ɗan yatsa, gefenta baƙi ƙirin da toka. Bisa tsagar, bai fi faɗin tafi ba, akwai rami a ƙasan motar, zagayayye, baƙin hayaƙi ya yi masa kwalliya. Nan wayar hita ta bi ta shiga ciki. Da aka zare ta, robar da ke toshe wurin ta biyo ta, ba wanda ya kula. Hayaƙin da ba a ƙone gubarsa ba yana fita ta tsagar, ya hau ramin, ya ratsa kafet a daidai ƙafar fasinja. A kan titi iska na kwashe shi. A wuri rufaffe, da mota a tsaye, ba shi da inda za shi sai ciki.

Tartsatsi ya shafa tsagar da yatsa. Can ya ce, "Waldata ce."

"Maganata ce. Kai tambaya ka yi."

"To ji nan. Mu toshe ramin, in sake waldar, a nemo tukunya ta gaske a ɗaura. Ka ce musu sensa ce. Wa ya sani? Wanda ya tafi ya tafi."

"In na ce sensa ce, gobe da safe ta koma ta zauna, ta ji ba kowa. Ka san me za ta yi? Ta nemi wanda zai mayar mata da motar yadda take, ko ta rufe ƙofar garejin ta ƙara daɗewa. Ka ji ni da kyau, Tartsatsi. Minti goma sha biyar na yi, kuma ban so ka buɗe ƙofar nan ba."

Da la'asar suka dawo. Ya buɗe ƙofofin motar duka huɗu, ya ɗage kafet ɗin gefen fasinja, ya kira su. Ya ce wa Tartsatsi da ke cikin rami ya nuna. Wani baƙin yatsa ya ɓullo daga ƙasan motar ya motsa. 'Yar ta yi ihu ta ja da baya, uwar kuwa ko gezau.

Ya yi musu bayani tun daga farko, bai tsallake komai ba: lambar, kalmar da ya karanta a karkace, wayar da ya sa aka zare, malamar da ta gyara masa, da kwana biyun da ya yi yana tunani sannan ya bari. Ya ce hayaƙin nan gubarsa ba ta da wari, barci take sawa, mai daɗi, ta nuna wa mutum abin da ke ransa.

'Yar ta dafe ƙirji. "Kana nufin Babana..."

"Ban sani ba, 'yata. Ni ba likita ba ne. Abin da na sani, ranar ramin nan yana nan, kuma ni na sa aka bar shi."

"Kuma ka iya tsayawa a gabanmu kana faɗa! Ka san Turanci bai ishe ka ba, me ya hana ka tambaya? Mutum ya ba ka amanar motarsa..." Kuka ya ci ƙarfinta, ta juya ta fuskanci tayoyi.

Uwar ta ce, "Ya tambaye ka ko ka tabbata?"

"Ya tambaya, Hajiya."

"Haka yake." Ta dubi ramin. "Ɗazu ka zauna a ciki. Idonka ya nuna. Ka ji shi?"

Ya yi niyyar cewa a'a. Ya ce, "Na ji."

"To?"

"Na ji, kuma da maƙwabcina bai zo aron fulaya ba, da yanzu matata ake yi wa ta'aziyya."

"In ka toshe, ba zai ƙara zuwa ba."

"Ba zai ƙara ba. In ban toshe ba, ke za ki je. Ba zai kai wata ba, yadda na ga tafiyarki."

Ta ce a bar ta ta zauna sau ɗaya. 'Yar ta juyo za ta yi magana, Mai Fitila ya ɗaga mata hannu. Ya ce ta zauna, amma inji a kashe, ƙofofi a buɗe, mabuɗi a aljihunsa. Ta shiga, ta gyara zama a gefen fasinja, ta ɗora hannuwa a kan jaka, ta karkata kai kaɗan wajen sitiyari. Tartsatsi ya fito daga rami ya tsaya a gefe yana murza tsumma. Mai tayoyi na can yana sakin iska, wani babur ya wuce. Rana ta shigo ta ƙarƙashin kwano ta kwanta a kan matasan nan biyu. Suna tsaye suna jiranta.

Ta fito da kanta, ba ta dafa ƙofa ba. Ta ce wa 'yarta, "Daina kukan nan, mutane na kallo." Sannan ta ce wa Mai Fitila, ba tare da ta dube shi ba, "Maganar da ke tsakaninmu da kai ba ta yau ba ce, ƙannensa za su zo. Motar kuwa ka toshe. Ka sa mata abin da ka cire."

"Zan sa, Hajiya. Kwana uku, in an sami tukunyar. Amma kafin ku je gida ku biya asibiti, ku faɗa musu hayaƙin mota ne, wata takwas."

'Yar ta kama hannunta, suka nufi titi. Sun kai bakin shagon tayoyi uwar ta tsaya. Ta buɗe jaka, ta zuge wani ƙaramin aljihu na ciki, ta ciro mabuɗin mota naɗe a hankici.

"Umma! Akwai wani? Tun yaushe?"

Uwar ta juyo. Ta dawo da baya taku shida, ta ajiye shi a kan kujerar bas, ta koma ta kama hannun 'yarta.